Bilki Tana Kabo

Karo na uku ke nan Dakta Mansura tana bin shafukan rajistar da yatsa, har Malam Dalhatu mai kula da katunan marasa lafiya ya fara satar kallon agogo, don azahar ta gabato. Sunayen da take nema babu su. Yara goma sha tara masu ciwon fuka daga ƙauyukan Kara, waɗanda a da ba a yin wata guda ba a kawo ɗayansu yana numfashi da ƙyar ba, sun ɓace daga littafin asibitin nan na Gwarzo kusan shekara biyu.

Da wani ne, da tuni ya yi hamdala ya kama hanyar Kano. Ita ce ta yi shekara uku tana bin gidajen yaran nan tana lakatar majinarsu da auduga, har matan ƙauye suka laƙaba mata Likitar Hanci. Abin da ta gano shi ne mura ce ke tayar da fukar yawancinsu: ƙwayar cutar ta shiga gida ta bi kowa sama-sama, in ta zo kan mai fuka ta kayar da shi. Yanzu masu ɗaukar nauyin binciken suna so kafin Juma'a ta rubuta musu amfanin da aikin ya yi wa jama'a, in ba haka ba su rufe shi. Ga amsa mai daɗi a gabanta, amma zuciyarta ta ƙi karɓa. A wannan zamani na tsuke bakin aljihu, da ko maganin shaƙa ke gagarar mutane, me zai warkar da yara sha tara lokaci guda?

Malam Dalhatu ya ce shi dai bai ji an yi rashi ba. Ya ƙara da cewa wataƙila albarkar Shari'a ce, tunda aka ƙaddamar da ita abubuwa da yawa suka gyaru. Ta ce Allah ya sa, ta ɗauki jakarta.

Saboda wahalar mai sai da ta yi awa biyu a tasha kafin mota ta cika, ta matsu a kujerun baya da aka ware wa mata. Da la'asar ta isa Kara, ta yi sallama a gidan dattijo Sajo, ƙaton gida mai mutum talatin da ɗaya in ba a haihu ba bayan tafiyarta. Altine, matar ɗan Sajo, ta saki taɓarya ta taho da murna. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi shanu da damina, aka dama fura. Sannan Mansura ta tambayi Bilki, 'yar Altine, wadda fukarta ta fi ta kowa tsanani.

"Ai tana Kabo, wajen kakarta," in ji Altine. "Kamar yadda kika ce."

Mansura ta ajiye ludayin. Ita dai ba ta tuna ta taɓa ambaton Kabo ba. Altine ta tuna mata ranar da ta tara mata a tsakar gidan nan tana yi musu bankwana, ta ce in mura ta shigo gida a nisanta mai fuka da mai ita. Haka ne, ta faɗa. Nufinta a raba musu ɗaki da kofin ruwa na kwana biyar ko shida. To amma a nan hanya ɗaya aka sani ta nisanta yaro, wadda ake bi lokacin yaye: a goya shi a kai wa kaka. Yawancin matan ƙauyukan kuwa daga wajen Kabo aka auro su. Can yaran suka tafi, can ake kai su asibiti in abin ya motsa.

Mansura ta tambaya ko fukar Bilki ta ragu. Altine ta ce tana tashi kamar da, sai dai godiyar Allah.

Kan Mansura ya ɗaure, kunya kuma ta rufe ta. Ta ce shekara biyu ai ba kwana biyu ba ne, me ya hana a dawo da yarinyar? Altine ta yi 'yar dariya. Ta ce sau nawa suna sa rana, ana gobe tafiya wani ya yi atishawa. A gida irin wannan yaushe mura take ƙarewa? Ita ce ma ke zuwa dubo ta, in kuwa ta ji hancinta ya toshe, a zaure take tsayawa su gaisa daga nesa. Bilki yanzu kakar take kira Inna, uwar kuma ta kira ta Altine.

Ta gyara zama, ta rage murya kamar mai roƙon alfarma. "Likita, yanzu tsoho ne kaɗai ke tari. In ya warke in ɗauko ta, ko binciken naki da saura?"

"Ki ɗauko ta gobe," Mansura ta ce da sauri.

Altine ba ta yi murna ba. Ta juya ta dubi ɗakin da tarin Sajo ke fitowa, ta dawo da idonta kan baƙuwarta.

"To murar fa? Ba ta kayar da su kuma?"

Mansura ta so ta ce a'a, amma ba gaskiya ba ne. Tana kayar da su, ita da kanta ta tabbatar da haka. Altine ta ci gaba da kallonta, tana jira.