Ta Fita, Mbak

Kinasih 'yar ƙanwata ce, kuma ni nake horar da ita tenis tun tana firamare, amma in na ce yarinyar nan tana da hannu ba son kai ba ne. Bugunta na bayan hannu kaɗai ya isa mutum ya bar abincinsa ya zo kallo. Matsalarta guda ce, ita ce kuma ta kusa sa min hawan jini a filin jar ƙasa na nan birnin Solo: ba ta iya ce wa babba a'a. Ko shayi aka haɗa mata da gishiri, in dai babba ne ya miƙo, sai ta shanye ta yi godiya.

Ubanta Harjono, mai sayar da atamfar batik a kasuwa, ya gaji da mu. Ya ce shekararta goma sha takwas, sa'o'inta duk sun yi gaba, ita tana nan tana bin ƙwallo a rana har ta ƙone. Sai ya yanke magana: gasar ƙarshen shekara da za a yi a garinmu, in ta tsallake wasannin share fage ta shiga cikin ƙwararru, ta ci gaba da tenis. In ta faɗi, ta rataye raket ta tafi makarantar jinya a birnin Semarang. Kinasih ta sunkuyar da kai ta ce to. Ni na san wannan "to" ɗin, domin ranar ko shinkafa ba ta iya haɗiyewa ba.

Ta ci wasan farko, ta ci na biyu. Saura ɗaya. Da na ga wadda aka haɗa ta da ita, sai da na nemi wuri na zauna. Danti ce.

Danti ta girme ta da sama da shekara goma, ta taɓa buga wa ƙasa wasa kafin gwiwarta ta lalace. Ita ta ba Kinasih raket ɗinta na farko, ita ta riƙa goya ta a babur zuwa atisaye lokacin da nawa ya mutu. Kinasih ba ta taɓa kiran sunanta gatsau ba, sai Mbak Danti, yadda ake kiran yaya. Ita ma Danti wannan gasar ce gwajinta na ƙarshe, kowa ya sani, in ba ta shiga ba ta haƙura ke nan.

Ga kuma inda abin ya fi ɗaure min kai. A share fage ba a ɗora alƙali a kujera. Kowace 'yar wasa ita ke hukunta ƙwallon da ta faɗi a ɓangarenta: in ta fita, ta ɗaga murya ta faɗa, in ta yi shiru, ta shiga ke nan. Alƙaliya guda ce ke zagaya filaye, sai an yi gardama ake kiranta. Wato dole Kinasih ta dubi Mbak Danti ta ce mata bugunta bai yi ba.

Aka fara da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Harjono ya rufe rumfarsa ya zo ya zauna kusa da ni, ya harɗe hannu. Ba a jima ba Danti ta yi wani bugu ya wuce layin baya, har ƙura ta tashi a waje. Na jira in ji murya. Shiru. Kinasih ta bi ƙwallon ta mayar, ta rasa makin. Na ce a raina wataƙila ba ta gani ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Wata ma ta fita da faɗin tafin hannu, har wani mai sayar da ruwan kwakwa a bayan shingen waya ya ce kai. Haka zubin farko ya tafi wa Danti.

Doka ta hana mai horarwa magana, amma ni a lokacin doka ba ta gabana. Da ta zo shan ruwa na manna fuska a jikin waya.

"Nduk, 'yata, idonki lafiya kuwa?"

"Pakde, Mbak Danti ce fa," ta ce, ba ta ko ɗago ba. Pakde take ce min, wato Kawu.

"Ita ce za ta je Semarang ko ke?"

Alƙaliyar ta hango ni ta nufo mu, na koma kujerata ina huci. Wallahi tsoro nake ji, ba fushi kaɗai ba. Na ga aikin shekara da shekaru yana zubewa saboda kunya.

A zubi na biyu ta samo wata dabara irin tata. Maimakon ta bar ƙwallo ta faɗi kusa da layi har a kai ga hukunci, sai ta riƙa matsowa raga tana tare ta tun a sama. Ta gwammace ta yi gudu ninki biyu da ta buɗe baki. Abin ya yi aiki, domin gwiwar Danti ta fara nuna kanta, tana ɗingishi in ta juya hagu. Kinasih ta ci zubin. Ba ta yi murna ba, har ɗaga hannu ta riƙa yi tana ba da haƙuri duk sanda ta ci maki.

Sai raba gardama: wadda ta fara kai goma da ratar biyu ta ci. Suka riƙa tafiya kai da kai. Kinasih ta gaji, ƙafarta ta yi nauyi, matsowa raga ya fara gagararta. Danti ta kai tara, tamu tana takwas. Maki ɗaya ya rage a gama. Na saci kallon Harjono, na ga ya warware hannunsa ya riƙe gwiwa. Ashe shi ma ba dutse ba ne.

Musayar ta yi tsawo, ni har na manta da numfashi. Danti ta ga Kinasih ta ɗan matso, sai ta ɗaga ƙwallon sama ta bisa kan yarinyar. Kinasih ta juya da gudu, ba ta cim mata ba. Ƙwallon ta faɗi a bayan layi. Daga inda nake ina ganin tabon a jar ƙasa, ya fita da kamar faɗin yatsa. Danti ta riga ta fara takowa raga don musabahar ƙarshen wasa. Filin ya yi tsit. Kinasih ta tsaya a kan tabon tana kallonsa.

"Ta fita, Mbak."

Da ƙyar muka ji. Danti ta tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Ta fita."

"Kin tabbata, Dik, ƙanwata? In kina kokwanto, makin nawa ne."

Haka dokar take, kuma Danti ta san wadda take tambaya. Na ga leɓen Kinasih yana motsi, na rufe ido. Sai na ji ta ce ta tabbata, da murya sosai wannan karon. Ta zagaye tabon da bakin raket. Aka kira alƙaliya ta durƙusa ta duba, ta ce ta fita.

Maki biyun da suka biyo baya ba su ɗau lokaci ba. Danti ta buga ɗaya a raga, ɗayan kuma ta kasa juyawa kansa. Kinasih ta ci. Harjono ya damƙe min hannu har sai da na ce ya sake ni.

Na sauko bakin raga, don haka da kunnena na ji. Kinasih ta iso tana kuka, ta kama hannun Danti da hannu biyu ta rusuna za ta kai shi goshinta, tana roƙon gafara. Danti ta ƙi barin hannun ya tashi. Ta riƙe shi a nan saman raga.

"Gafarar me? Ta fita ai," ta ce. "Na zubin farko ne ba zan yafe ba. Kin ɗauka ba na gani? Kowa a filin nan ya ga kina jin tausayina. Wasana na ƙarshe ke nan, kin sa na yi shi kamar wata tsohuwa da ake tsallakar da ita titi."

Ta girgiza hannun sau ɗaya, yadda take yi wa kowace baƙuwar 'yar wasa, ta ɗauki jakarta ta fita tana ɗingishi. Kinasih ta bi ta har ƙofa tana kiran Mbak, Mbak, ba ta waiwayo ba.