Gidan Malam Habu Ba Hanya Ba Ne

Kwana uku ke nan ba kowa a kan kujerar Jibrin. Na goge ta da safe, na sake gogewa bayan azahar, har wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, baƙo za ka yi ne?"

Ni ne mai gidan gem ɗin da ke bayan tashar Kiru. Kwamfuta takwas, sola a kan rufi. Ni da Jibrin mun yi shekara ashirin da biyu a kan titi, shi direba, ni yaron motarsa, kafin na samu tawa. Tun da ya yi hatsari a hanyar Doguwa ƙafarsa ta lalace, ya shige ɗaki shekara biyu, ko ɗaurin aure ba ya zuwa. Wasan harbi na kwamfuta da ake yi a wurina ne ya fito da shi. Kullum bayan la'asar ya dogaro sandarsa, shi da wasu manoma uku sa'anninmu, a harbe su su yi dariya, su harbi juna su yi dariya.

Abin ya lalace ne da Mujitaba, ɗan ƙanwata da ya karanci kwamfuta a Kano, ya gina mana filin wasa namu na kanmu. Gem ɗin yana ba ka dama ka zana filin da za a fafata a ciki, shi kuwa sai ya zana unguwarmu. Ga tasha, ga tankin ruwa, ga rumfunan 'yan tumatir, ga gidan Malam Habu liman da shuɗiyar ƙofarsa da darbejiyarsa. Ranar farko har ihu aka yi. Labari ya kai Tiga, sai ga Mudassir da abokansa, gwanayen da ke gasa ta waya da mutanen Legas. Mudassir ya haye tanki da doguwar bindiga. Jibrin ya fito a cikin wasan, Mudassir ya harbe shi ya faɗi. Ya sake fitowa, ya faɗi. Sau goma sha ɗaya. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Na kasa zama. In je bakin ƙofa, in dawo, in buɗe firji in rufe ban ɗauki komai ba. A rana ta uku na kama Mujitaba.

"Ka gina wa yaran Tiga mahauta, ka ce fili ne."

"Kawu, wallahi daidai na raba shi. Kowane ɓangare hanya uku. Wanda ba ya son titi ya bi ta cikin gida, tanki ba ya ganinsa."

"Wane gida?"

Ya nuna min. Ka shiga ta zauren Malam Habu, ka ratsa tsakar gida, ka ɓulla ta baya, ga ka a gindin tanki.

Na tsaya bayan masu wasa ina kallo har sallar la'asar ta kusa wuce ni. Yaran Tiga suna afkawa zauren nan a guje kamar an koro akuya. Namu kuwa, har matasan, da sun zo daidai shuɗiyar ƙofar sai su karkace su bi titi. A titin ake tsince su.

Na hau acaɓa zuwa gidan Jibrin. Na same shi a soro yana gyaran rediyo da ba abin da ya same shi.

"Direba, ashe akwai hanya ta gidan Malam. Me ya hana ka bi?"

"Na sani mana."

"To?"

"Abdussalami, ka tsufa ba ka yi hankali ba. Ni in faɗa gidan liman da bindiga, ba sallama, iyalinsa na ciki?"

"Wane iyali? Zane ne fa. Ko kaza babu a ciki."

"Ƙofar tasa ce ko ba tasa ba? Mutumin da ya raɗa wa 'ya'yana suna. Gobe da asuba in bi shi salla da wane ido?" Ya juya rediyon. "Ka bar yara su yi abinsu. Dama mu mun yi karambani."

Wannan maganar ce ta tsorata ni. Na san muryar. Da ita ya shige ɗaki wancan karon.

Na koma na tara Mujitaba da Mudassir. Mujitaba ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata ya daina.

"To sai in cire rufin, Kawu, in mai da shi kango. Ba wanda ke sallama a kango."

"Malam na da rai ka mai da gidansa kango? Kana so uwarka ta zo ta same ni?"

"To a rufe ƙofar."

Mudassir ya ce, "In aka rufe, wanda ya riga hawa tanki ya ci wasa. Mu ma ba daɗi. Sai dai a rushe tankin."

"Ba za a rushe ba," na ce. "Wanda ya iya harbi a bar masa wurin nuna iyawarsa, in ba haka ba ku ma za ku gudu. Mujitaba, me ke bayan rumfunan tumatir a gaske?"

"Gonar Aminu."

"Me ka zana a wurin?"

"Fili ne kawai."

"Shuka masa dawa. Wadda ta fi mutum tsawo, irin ta watan tara. Daga tasha har tanki."

Mudassir ya ɓata rai. "Baba, wannan ai sa'a ce, ba gwaninta ba. Kowa ya lallaɓo ya harbe ni ta baya."

Gaskiyarsa ce. Muka yi ta ja, shi yana rage gonar, ni ina ƙarawa, Mujitaba yana gogewa yana tsaki. Muka tsaya a kan dawa ta ƙare saura taku goma a kai tanki, kuma karan ya riƙa motsi idan mutum ya yi gudu a ciki. Mai gaggawa ya tona kansa, mai haƙuri ya iso. Taku goman nan kuwa, kowa da Allahnsa. Ƙofar Malam aka sa mata kwaɗo.

Washegari ban aika ba, da kaina na je gidan Jibrin da acaɓa biyu. Jibrin ya ce ƙafa na ciwo. Na ce ba da ƙafa ake yi ba. Ya ce baƙi zai yi. Na zauna a soron na ce mu jira su tare. Da ya gaji da ganina ya ɗauko hula.

Da muka iso ya zauna a kujerarsa, ya ga kwaɗo a shuɗiyar ƙofa, ya gyaɗa kai. Ya shiga dawa. Yana tafe a hankali kamar mai duba zangarniya, ni ina bayansa na kasa tsayawa wuri ɗaya. Harsashin Mudassir na sauka can gefe, inda wani manomi ya ruga. Jibrin ya kai bakin gona, ya ɗaga bindiga, ya harba. Ya sami tanki, bai sami mutum ba. Mudassir ya juyo ya kwantar da shi.

Amma yaron sai da ya zabura ya ture kujera. "Kai! Ta ina tsohon nan ya fito?"

Jibrin ya dube shi, yana dariya har kafaɗunsa na rawa. "Ubanka ne tsoho. Koma ka hau, yanzu na gane hanya." Ya miƙo min sandarsa ba tare da ya waiwayo ba. "Ajiye min wannan can ciki, tana tokare ni."