Wane Ɓari Ne Gida

A garinmu babu mai faɗa maka inda kifi yake. Tambayi mutum lafiyar aurensa, zai zauna ya zazzage maka har abin da ba ka so ji ba. Tambaye shi inda ya ja ƙugiya jiya a tafkin Superior, sai ya ce gabas, alhali yamma ya yini. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yansu tarihi, ina ce musu ƙarya ba kyau, su koma gida su tarar da iyayensu suna sharara ta a rediyon jirgin kamun kifi, duniya na ji.

Urho Niemela ne ubansu a wannan fanni. Yayan matata ne, marigayiya Aili. Ba mu taɓa shiri ba. A ganinsa namijin da ke karatu da rana tsaka ya rasa abin yi, ni kuwa a ganina mutumin da bai da zance sai na kifi bai da zance. Aili ce ke zaunar da mu teburi ɗaya. Da ta rasu muka koma ɗaga wa juna hannu a ƙofar gidan waya.

Cikin sanyin da ya wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, sai dai kalma takan ɓace masa a tsakiyar magana. Da ƙanƙara ta narke, 'yarsa Darlene ta zo daga Marquette ta same ni a kicin.

"Kawu Leonard, gobe za mu fita tafki da Baba. Da kai za mu."

"Ni da ko a bahon wanka jiri nake ji?"

"In ya rikice a kan ruwa zan karɓe makullin jirgin in sa shi a kasuwa. In ni kaɗai na yanke, zai ce na gaji da shi ne. Kai kuwa ba ka son sa, ba ka tsoron sa. Za ka faɗi gaskiya."

An sha yabo na a rayuwa, amma ba da irin wannan ba.

Da safe muka tarar da shi ya riga ya tada inji, da tulun kofi da burodi mai zaƙi da ake kira nisu a kan akwatin kifi. Ya san dalilin fitar. Ya aske gemu, abin da bai yi ba ko ranar jana'izar ƙanwarsa.

"A'a, Malam Littafi! Kai aka ɗauko alƙali? Ka taho da bokitin amai, ko a hularka za ka yi?"

"A jirginka zan yi, Urho. Babu mai gane bambanci."

Muka bar tashar jiragen ruwa. Bai tsaya inda jirage suka taru ba. Ya ce taron jirage taron masu bin juna ne, na farkonsu ma ɓata ya yi. Ya yi ta nausawa ciki yana duban ruwa, har muka iso wani dogon layi na kumfa da ɓawon itace da matattun ƙwari, tsuntsaye na shawagi a kansa. Nan ruwan gaɓa mai ɗumi ya haɗu da ruwan tsakiya mai sanyi. Ya rage wuta, jirgin ya koma tafiyar masu rakiyar gawa.

"Kifin samon na sama, ɓarin ɗumi," ya ce wa Darlene. "Shi kuwa wancan, mai ɗigo-ɗigon nan, yana ƙasa gefen dutse. Wancan dai..." Ya matse ido. Ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Tirawut, Baba."

"Na sani! Gwada ki nake."

Ya ɗaura cokula masu ƙyalli na yaudarar kifi a zaren, ya saki biyu kusa da sama, sauran ya saukar da su da dalma can ƙasa. Yatsunsa ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Darlene na tsaye a kansa da tambayoyin da likita ya koya mata.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Ranar da 'yata ta zama ɗan sanda."

Ba a jima ba sandar fatsa ɗaya ta miƙe, ya jawo tirawut mai ƙiba ya jefa a akwati. Ni a lokacin ina rungume da gefen jirgi ina mayar wa tafki burodin da na ci.

Sai rediyo ya yi ƙara. Stan Petrich ne, abokin hamayyarsa tun suna samari.

"Urho, tsohon ɓarawo! An ce min ka mutu, har na saya maka fure. Ina kake?"

Urho ya ɗauki abin magana, ya gyara murya.

"Ina gaban hasumiyar fitila, zurfi ƙafa arba'in. Ruwa kamar shayi, ko cizo ban samu ba."

Na ga fuskar Darlene ta sauya. Ta dubi na'urar auna zurfi, ta nuna sama da ƙafa ɗari. Ta waiga ko'ina, babu hasumiya, babu alamarta. Ga kifi yana bugun akwati. Ta bar garin nan tun tana budurwa, ta manta da ƙaryar masunta, kuma tsoro ya cika mata kai da abu ɗaya: ya ruɗe.

"Baba," ta ce a hankali, irin muryar da ake yi wa marasa lafiya, "ina hasumiyar take?"

Ya dube ta. Bakinsa ya motsa, kalma ba ta fito ba. Wuyansa ya yi ja.

Na goge baki na ce, "Darlene, ubanki ƙarya yake yi. Mai ruɗewa ba ya jera ƙarya uku a numfashi ɗaya ba tare da sun ci karo da juna ba. Na karanta tarihin sarakuna da yawa, kaɗan ne suka kai shi."

Kafin ta amsa rediyo ya sake ƙara. "Wato ko'ina kake ban da gaban hasumiya," in ji Petrich. "Allah ya shirye ka, Urho. Sannu da dawowa."

Darlene ta fashe da dariya, dariyar ta zarce da hawaye, ta rungume uban ta baya. Ya ce ta sake shi, tana hana shi ganin sanduna. Ana haka zaren sama ya yi kuka, samon ya yi tsalle a bayanmu, fari fat kamar azurfa. Ya miƙa mata sandar. Ta yi ta fama da shi, yana yi mata ihu kada ta ba shi sako-sako, har suka sa shi a koma.

Rana ta ɗaga, aka naɗe zare. Darlene na can baya tana wanke jini tana ɗaukar kifinta hoto. Ina tsaye kusa da Urho. Injin na ruri, amma bai juya jirgin ba. Gaɓa ta zama shuɗin layi guda, tsaunin nan kamar wancan. Ya dubi na'ura, ya dubi gaɓa, ya sake duban na'ura. 

"Leonard," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Wane ɓari ne gida?"

Na yi tsammanin wata tsokanar ce, sai na ga idonsa.

"Na san inda kifi yake, ko barci nake zan kai ka. Amma bakin tashar ya fita daga kaina. Lambobin nan kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya."

Ban san tafki ba, amma na yi shekaru ina zaune a mota ina jiran Aili ta dawo daga cikinsa tare da shi, ina kallon tsaunin da ke bayan tasha. Na hango shi can hagu. Na ɗora hannu a kan sitiyarin na karkata shi hagu. Ya bar jirgin ya bi hannuna. Da muka matso ya gane sauran, ya shigar da jirgin ko gogar katako bai yi ba.

A tasha Darlene ta juyo da fara'a. "To, Kawu, me ka gani?"

Urho ya sunkuya yana ɗaure igiyar da ya riga ya ɗaure. Da na yi shiru, da ta koma Marquette da murna, shi kuma ya fita shi kaɗai ranar da hazo ya rufe gaɓa.

"Ya san inda kifi yake," na ce. "Bai san hanyar gida ba. Ni na nuna masa."

"Munafuki," in ji Urho, bai ɗago ba.

Darlene ta zauna a kan akwatin kifi. Wayar na hannunta, hoton samon ɗin a buɗe.

"Kada ki sayar," na ce. "Ki ba ni makullin. Ba zai fita ba sai da ni."

"Kai, Kawu? Kai da ka yini kanka a waje?"

"Ba ni da wani wurin zuwa. Gidan nan shiru ya yi masa yawa."

Ta daɗe tana duban ubanta. "Zuwa kaka," ta ce. "Daga nan mu sake magana. Baba, kawo."

Bai ba ta ba, bai ba ni ba. Ya zare makullin ya ajiye a kan katakon tasha, ya wuce motarsa yana jan ƙafar hagu. Na duƙa na ɗauka, duk ƙarnin kifi.

Har mako ya kusa ƙarewa ban ji daga gare shi ba. Ranar Juma'a da yamma waya ta yi ƙara.

"Gobe ka sa takalmin roba," ya ce. "Wancan naka na zuwa coci santsi gare shi."

Ya kashe kafin in amsa.