Rabin Inci a Ƙafar Kujera

Tun ranar da likita ya ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila ya ce gwiwar dama ta gama cinyewa, sai an yi aiki an sa ta ƙarfe, Kafinta bai sake zama wuri ɗaya ba. Mai gwiwar kuwa, matarsa, wadda duk unguwa ke kira Tela, ko a jikinta. Tambaya ɗaya ta yi: "Likita, zan koma kan kekena?" Ya ce za ta koma, muddin ta yi abin da aka ce mata.

Shekara talatin da shida tana taka keken ɗinkin nan a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, shi kuma yana rumfarsa ta bayan gida da zarto. Ba su cika hira da rana ba. In ya ji ƙarar keke ya san tana lafiya, in ta ji zarto ta san yana nan. Da sana'a suke kiran juna tun suna da ƙuruciya, abin da ya fara da tsokana har ya zame musu suna.

Mako uku aka ba su su shirya. Tela ta sallami kayan mutane kaf, ta ɗiga wa keke mai, ta cire masa bel, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Autarsu, wadda ke koyarwa a wata makaranta, ta ce a sa wa keken injin lantarki a huta. Uwar ta harare ta. "Keken da ba na ji a ƙafata ba nawa ba ne," ta ce, maganar ta mutu a nan.

Shi kuwa Kafinta mutum ne da bai iya buɗe baki ya ce yana jin tsoro ba, sai dai ya ɗauki guduma. Ya naɗe dardumar falo don kada ta harɗe ta. Ya kafa katakon riƙewa tun daga bakin gado har banɗaki. Ya ƙara wa gado tsawo, ya cire dokin ƙofa, har kyanwar gidan ta rasa inda za ta kwanta don ƙarar ƙusa. Daga ƙarshe ya haɗa mata kujera sabuwa mai hannuwa, ya sa mata soso mai kauri, ya yi ta doguwa, ta ɗara tsohuwar kujerar ɗinkinta da inci shida cif. An ce musu a asibiti kujera mai tsawo za ta fi sauƙin tashi a kwanakin farko, shi kuma bai ji "kwanakin farko" ɗin ba.

"Wannan ai sai da tsani," in ji Tela.

"Ki hau dai. Gwiwar ba za ta san an zauna ba."

Ranar aiki, wata nas ta zana kibiya da alƙalami a gwiwar da za a yanka, Tela ta leƙa ta ce layin ya karkace. Wannan ce maganarta ta ƙarshe da ya ji kafin a tura gadon. Awa uku yana kan benci a bakin ɗakin tiyata, Auta na gefensa. Bencin yana rawa, ƙafa ɗaya ta gaza, sai ya ninke takardar magani ya cusa a ƙarƙashi, ya gwada, ya sake ninkewa. Da aka fito da ita leɓunanta sun bushe, fuskarta ta yi fari fat. Ya kira ta sau biyu, ta buɗe ido ta kalle shi kamar baƙo, ta mayar ta rufe. Bai taɓa ganin matar nan ta rasa amsa ba. Kafin yamma allurar barcin ta sake ta har tana faɗa a kan shayin asibiti, amma shi kallon nan ya riga ya zauna masa a ƙirji.

Aka sallame su da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da takardar motsa ƙafa. Babban aikin shi ne ta kwanta ta ja diddige zuwa jikinta har gwiwar ta lanƙwashe, sau goma, sau uku a rana. Kafinta ya ce shi zai riƙa ƙirgawa. Mutumin da bai taɓa cin awon kowa ko da kaurin farce ba, sai ga shi yana cewa, "Ɗaya, biyu, uku," da ya ga ta cije leɓe sai ya ce, "bakwai, tara, goma. Ya isa haka, ki huta." Tela ta san lissafi sarai, amma ciwo ciwo ne, ta yi shiru abinta. Sauran yinin sai ta hau doguwar kujera a gaban lulluɓaɓɓen keke, ta ɗora ƙafa a kan matakin keken don sabo, ƙafar kusan a miƙe, tana sa maɓallai da hannu. Ya riƙa leƙowa yana ganin ta cikin jin daɗi, yana yaba wa kansa.

A mako na uku suka je wurin ma'aikaciyar gashin ƙashi, wata gajeruwar mata mara wasa da Kafinta ya laƙaba wa Sajan a bayan idonta. Ta ɗora robar awo mai hannu biyu a gefen gwiwar, ta ce Tela ta lanƙwasa iya ƙarfinta. Ta duba, ta murtuke fuska.

"Digiri sittin da biyar. Mama, kina yin abin da ke takardar nan kuwa?"

"Ga mai ƙirga min nan, ki tambaye shi."

Sajan ta juyo. "Baba, goma-goma kuke yi?"

Kafinta ya sosa ƙeya ya ce ai wani lokacin goman takan zo da wuri.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce naman da ke warkewa a cikin gwiwa yana ɗaurewa kullum, ba ya jiran kowa. Saura mako uku. In gwiwar ba ta kai digiri casa'in ba, likita zai mayar da ita ɗakin tiyata, a sake yi mata allurar barci, a lanƙwasa ta da ƙarfi. In kuma aka bar ta haka, keke sai dai kallo. Ta buɗe robar ta nuna masa yadda casa'in take.

"Sikwaya ke nan," ya ce a hankali. Ƙarfen nan ne mai kusurwa da yake gwada ƙofa da taga da shi tun yana yaron shago.

"Ko me kuke kiran ta, Baba, ita nake so. Tausayinku ne ya kawo mu nan."

Suka koma gida. Da yamma ya ce yau goma sosai za a yi. Ya riƙe diddigen yana taya ta turawa yadda aka nuna masa. A na huɗu gumi ya karyo mata, a na shida hawaye ya gangaro ta gefen ido zuwa kunne. Ya saki ƙafar ya fice. Auta ta same shi a rumfa yana goge katakon da ya riga ya goge.

"Baba, bar min ƙirgar. Zan yi da safe kafin in tafi, in na dawo in yi sauran."

Ya gyaɗa kai, kunya ta hana shi ɗagowa. Ya san ya gaza, kuma ya san in aka sake tura gadon nan ta ƙofar nan, hannunsa ne ya tura.

Washegari ya tsaya a bakin ɗakin ɗinki yana kallon ta a kan kujerar, wannan karon da idon aiki. Ƙafa tana kan mataki, ba ta gusawa. Mazauni yana can sama. Tsakaninsu gwiwa ta yi kwance abinta, awa biyar, awa shida a kowace rana. Ashe shi da kansa ya ƙera wa taurin nan wurin zama, har da soso. In mazaunin ya sauko, dole gwiwar ta lanƙwashe. Amma in ya ce mata zai rage, za ta zauna tana jiran ciwo, shi kuma zai tsaya yana kallon fuskarta, ya kuwa san inda hakan ke ƙarewa.

Saboda haka ya koma sata a gidansa. Bayan abincin rana, in ta kwanta da ƙanƙara a gwiwa, sai ya sungumi kujerar ya yi rumfa da ita. Rabin inci a kowace ƙafa, ya goge da sanfefa, ya shafa ɗan fenti a bakin yankan, ya mayar da ita daidai inda sawunta yake. Ƙarar zarto ba baƙuwa ba ce a gidan, ba wanda zai tambaya. Guntayen kuma ya zuba a wani gwangwanin fenti ya tura ƙarƙashin tebur.

Da yamma Tela za ta zauna ta ce, "Wash! Yau gwiwar nan da rigima ta tashi."

"Sanyin ƙanƙara ne," zai ce, yana kallon silin.

Ya fara da tsallake kwana ɗaya, daga baya ya koma kullum. Auta na ƙirga gomanta ba sassauci, kujera na saukowa. A mako na huɗu Sajan ta ce saba'in da huɗu. A na biyar ta ce tamanin da ɗaya, ta ƙara da cewa bai isa ba tukuna.

Ranar yanka na takwas abin ya ɓaci. Tela ta zauna, gwiwar ta riƙe, ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Ta kira shi da wata murya da bai san ta da ita ba. Ya zo a guje ya ɗago ta, ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka kamar ƙaramar yarinya, tana cewa ta gaji, ita dai ta gaji. Maganar yankan kujerar ta zo masa har baki, ya haɗiye. Da ya kwantar da ita ya je ya rataye zarton a ƙusa, ya ce wa ransa an gama. A yi mata allurar, a yi duk abin da za a yi, shi dai ba zai ƙara sa matar nan kuka ba.

Kwana biyu bai taɓa kujerar ba. Saura kwana biyar a koma asibiti.

A rana ta uku, bayan ta kwanta, ya shiga ɗakin ɗinki don ya kwashe kwanuka. Sai ya tarar da kujerar a kife a kan ɗan gadon da ke gefe, ƙafafunta a sama. Ya matsa. A kowace ƙafa an ja layi da shuɗin allin nan da teloli ke zana yadi da shi, siriri, miƙaƙƙe, ya zagaye katakon ba karkata. Ya zaro awonsa ya gwada. Rabin inci, duka huɗun.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya je bakin ƙofar ɗakin kwana. Tana kwance ta juya baya, ƙanƙara a gwiwa.

"Tela."

"Barci nake yi."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko. Shekara talatin da shida ina ɗora hannu a teburin keken nan, ka zaci ba zan ji ya ƙara tsawo ba? Har da wani shafa fenti, sai ka ce hancina ya mutu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa ai dainawa za ka yi. Na san ka." Ta gyara ƙanƙarar a gwiwa. "Kukan rannan nawa ne, Kafinta, ba naka ba. Ka bar ni in yi abina. Kai dai je ka yi aikinka, kuma ka bi layina, kada ka ci min awo."

Son matar nan ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi. Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗauki kujera ya nufi rumfa.

Daga ranar kullum sai ya tarar da sabon layi. Ita ke zanawa, shi ke yankewa, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ta yi kuka sau biyu a cikin kwanakin, ya tsaya ya riƙe mata hannu, bai gudu ba. Ana gobe asibiti kujerar ta dawo daidai da tsohuwar. Tela ta zauna a hankali, ƙafa a kan mataki, tana huci. Ya ɗauko sikwayarsa ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya jera hannu ɗaya da cinya, ɗaya da ƙwauri. Ƙarfen ya zauna daram.

"Yaya?" ta ce.

"Da ƙofa ce da na kafa ta."

Sajan ta auna sau biyu ta ce casa'in da uku. Ta ce ba batun komawa tiyata, amma kada a saki motsa ƙafar, keke kuma a fara da kaɗan-kaɗan. Har ta yi murmushi, abin da Kafinta ya rantse ba wanda zai yarda in ya ba da labari.

Da suka dawo Tela ta yaye zanen, ta mayar da bel, ta kore shi daga ɗakin, wai ba ta son ɗan kallo. Ya koma rumfa ya tsaya, zarto a hannu, ya kasa kunne. Shiru. Can sai ya ji ƙarar ta taso a hankali, ta yi kamar taku goma, ta tsaya. Ta sake tasowa, wannan karon ta ɗan daɗe, tana tafiya tana ɗingishi amma tana tafiya. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, sai da keken ya tsaya, muryarta ta ratso tsakar gida.

"Kafinta! Lafiya? Ban ji zarto ba!"

Ba shi da aikin kowa a gabansa ranar. Ya jawo wani tsohon katako da ba ya buƙatar yanka, ya ɗora a kan tebur, ya fara yankawa.