Saƙar Zumar Galadi

Abu biyu na fito da su daga Galadi ranar da muka gudo Kaura a bayan babur: ƙullin irin geron kakana, da guntun saƙar zuma daga amyata ta ƙarshe. Saƙar na sa ta a gwangwani. In kewa ta taso mini sai in buɗe in shaƙa, in ji ni a ƙarƙashin ɗorawar nan inda ƙudan zumana ke kuka.

Geron kuwa bana na shuka shi duka a 'yar gonar aro, ban rage ko ƙwaya ba. Ya kai gwiwa ke nan tsutsa ta shiga cin saiwarsa. Wallahi na ji tsoro. In ya mutu, irin gidanmu ya ƙare.

Ɗiyata Zulaihat ta karanta aikin gona. Ta zo da kwalba wai cike da wasu 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu shiga jikin tsutsar ɓarna su kashe ta. Na ce, "Yau ga kiwo! Garken da ba a gani, wa zai sace?" Ta zuba a gindin gero. Shiru kake ji, geron sai ƙara yaushi yake.

"Baba," in ji ta, "a kwalba aka rene su, da waken suya da mai. In sun shiga ƙasa ba sa cin komai, kitsen jikinsu suke ƙonawa har su sami abin farauta. Waɗannan nasu kitsen bai riƙe su ba."

Wannan na gane. Ragon turke daban, ragon da ya ci ciyawar daji daban.

Ta ce sai an rene su cikin jikin tsutsar kakin zuma, wannan la'ananniyar da na shekara ina yaƙa a amya. Ta samo kaɗan, amma ƙanana ne, kuma tsohuwar saƙa suke ci. Ba ta dubi gwangwanin ba, ja'ira, amma na san ta san inda yake.

Na yi fushi, na fita, na zaga gonar. Na dawo na ɗauko shi da hannuna na ajiye a gabanta.

"Ki ba su. Kada ki bari in gani."

Tsutsotsin kakin suka cinye tas, suka yi ɓul-ɓul, sannan ta zuba musu 'yan tsutsotsin kwalba. Garken da ya fito daga cikinsu ya shiga ƙasa, gero ya farfaɗo, ba duka ba, amma an sami iri.

Ranar da ta kawo mini zangarniyar farko, na buɗe gwangwanin na shaƙa. Ƙanshin ya tafi. Na murje ƙwayar geron a ciki na rufe.