Jan Zare a Jikin Makara

"Duk faɗin Zamfara babu ƙarfen da ya isa ya yi mini ƙarya," in ji Injiniya Abdulhadi, yana tsugune a bayan masallacin unguwa, makarar ƙarfe a kife gabansa. Ko murmushi bai yi ba. Shi a wurinsa wannan bayani ne kawai.

Malam Ɗayyabu, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, shi ke riƙe masa da hula. Ya baro gonar albasarsa ta Bakolori ne don an ce ana bukatar shaida.

Injiniya ya ƙare ƙuruciyarsa a Kudu yana duba waldar bututun mai. Aikinsa ya gano aibin da ke cikin ƙarfe ba tare da ya yanka ko ya fasa ba, wani lokaci da na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfen, wani lokaci da hoto irin na asibiti. Da ya yi ritaya ya dawo Talata Mafara da gwangwanayen feshi, ya shiga duba abin da ba wanda ya roƙe shi ya duba. Tankin ruwan masallaci ya sha, ƙofar liman ta sha. Yau kan makara aka zo.

Ya goge mahaɗar mariƙin hagu na gaba, ya fesa jan ruwa, ya jira ya ratsa, ya share tas, sannan ya bi da farin feshi. Can sai wani jan layi siriri kamar zare ya fito a kan farin.

"Ka gani? Tsaga ce. Ido ba ya ganinta, amma ta sha jan ruwan, ga shi ta amayo."

"To a kira Nasidi shi liƙe ta mana," in ji Ɗayyabu.

"Nasidi? Mai walda kamar yana liƙe tukunya da tuwo? Kada wanda ya taɓa makarar nan sai ina tsaye a kansa."

Aka jingine makarar a bango. Idan an yi rasuwa sai a aro ta unguwar gaba. Jama'a ba su damu ba, wasu ma cewa suke yi Injiniya da jan fentinsa ya zana abinsa.

Kafin ya samu ranar tsayawa a kan Nasidi, ciwon ciki ya kwantar da shi. Ɗayyabu ya raka shi asibiti a Gusau. Likita ta shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora kan na'ura tana kallon allo.

"Aikinmu ne wannan," Injiniya ya gaya wa Ɗayyabu da murna. "Sauti ke shiga ya dawo da labari. Ɗiyata, ɗan karkata hannun kaɗan."

Likitar ta karkata don ta faranta masa. Abin da ta gani bai sauya ba.

Ya dawo gida ya yi jinyarsa cikin natsuwa, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, matarsa Gimbiya na dama masa kunu, jikoki na tsallake ƙafafunsa. Ɗayyabu kan leƙo bayan la'asar. Sai sun ƙare gaisuwa kaf, gida da gona da jiki, sannan ya kawo maganar.

"Injiniya, batun makarar nan hwa. Nasidi na ta tambaya."

"Gaggawar me kake yi, Malam? Kai za a ɗauka?"

"Wa ya sani?"

"To ka dakata sai na tashi."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Injiniya.

Wata Laraba da hantsi Injiniya ya cika. Aka aika aron makara, ɗan aike ya dawo ya ce an tafi da ita wani ƙauye wajen Bakura, can ma an yi rashi. Aka nemi Nasidi, ga shi ga shagonsa, amma babu wuta, janaretansa kuma yana wurin gyara. Rana na yi, mutane sun taru, gawa ba ta jira.

"A ɗauko tamu," in ji liman.

"Allah gafarta Malam, marigayin ya ce mariƙin hagu na da tsaga," in ji Ɗayyabu.

Liman ya duba. Ruwan damina ya daɗe da wanke ja da farin, ƙarfe sumul. "Ni ban ga komi ba. Allah shi ka tsarewa."

Shi ma Ɗayyabu bai ga komai ba. Hanya ɗaya ce ta rage a san ko Injiniya ya yi gaskiya, ita ce a kama mariƙin a gani, da mai maganar kwance a sama.

Da aka idar da salla Ɗayyabu ya riga kowa zuwa gaban hagu. Bai kama mariƙin ba. Ya matsa baya da mahaɗar, ya cusa kafaɗarsa ta dama ƙarƙashin gangar jikin makarar, inda ƙarfen ke da kaifin kusurwa. Aka ɗaga. Injiniya ya rame a jinya, amma ba kamar yadda Ɗayyabu ya yi fata ba.

A hanyar maƙabarta mutane na karɓar juna kamar yadda aka saba, wannan ya ɗan taɓa ya ba wancan, kowa ya samu lada. Kusurwa uku na ta sauya kafaɗu. Ta huɗu ta ƙi.

"Malam, kawo in karɓe ka."

"Bari dai."

"Haba Malam Ɗayyabu, ladar duka kai ɗaya za ka kwashe?"

"Maƙwabcina na," ya ce, gumi na shiga masa ido. Duk wanda ya miƙo hannu wajen mariƙin sai ya tare shi da gwiwar hannu. Wani dattijo a baya ya ce bai taɓa ganin rowa irin wagga ba.

Makara ta isa lafiya. Aka sa Injiniya a makwancinsa, aka yi addu'a, aka juyo.

Da yamma Ɗayyabu na zaune cikin masu karɓar gaisuwa a ƙofar gidan marigayin. Hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Duk wanda ya zo ta'aziyya, sai ya tallafo gwiwar hannun da na hagu, ya miƙa a hankali. Baƙin da suka zo daga Maradun suka tafi suna yaba ladabin mutanen Mafara, shi kuwa ya gyara zama, ya sake tallafo hannun don mai zuwa.