Basilla a Lagireton Maccido

A shekarar 1975, da albashin ma'aikata ya yi tsalle, kusan kowane akawu a Sakkwato sai da ya sayi babur. Maccido, akawu a ofishin gona, bai tsaya ga irin na kowa ba. Kano ya je ya dawo da wani jibgegen babur mai silinda uku, wanda ruwa ke sanyaya injinsa kamar na mota. Daga bayan tayar gaba akwai lagireto, inda ruwan ke hucewa, kuma duk inda ya ajiye babur ɗin sai mutane sun durƙusa sun leƙa.

Bakanike ɗaya ya yarda ya riƙa taɓa masa shi, wato Yohanna, mutumin Zuru, wanda ya koyi aikin a garejin soja lokacin yaƙin basasa. Rumfarsa tana Ƙofar Taramniya, kuma baburan masinjojin ofishin su Maccido duka can ake kai su.

Ranar Litinin Yohanna ya yi wa babur ɗin juyen mai. Ranar Talata da safe, Maccido yana goge shi a tsakar gida, sai ya ga matattun fara sun maƙale a ramukan lagireton. Abin ya tsaya masa a rai. Ya karɓi basillar da matarsa Dijatu take ɗinkin fata da ita, ya durƙusa yana tsokalo su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta shige can ciki, ya danna da ƙarfi, sai ya ji ƙas. Ya zaro basillar babu tsini. Ɗigon ruwa ɗaya ya gangaro, ya sa tsumma ya share, ya ce wa kansa ba komai ba ne. Basillar kuwa ya jefa ta bayan randa, ya ce wa Dijatu ta ɓace.

Daidai ƙofar ofis babur ɗin ya tona masa asiri. Tururi ya tashi, ruwan zafi ya feso masa a wando, injin ya mutu. Ma'aikata suka kewaye shi, wasu na dariya a fili. Malam Tukur, wanda ke kula da ababen hawa na ofis, ya matso ya duba.

"Maccido, wanga abu hudajje na. Wa yat taɓa maka shi?"

Da ya yi shiru ma da ya fi. Amma idanu sun yi masa yawa.

"Jiya dai Yohanna yai mai aiki," in ji shi.

Bai ce Yohanna ya huda ba, sai dai kowa haka ya ji. Malam Tukur ya fusata, ya sa aka ɗora babur ɗin a bayan a-kori-kura, ya ce da kansa zai raka shi. Mutum huɗu suka bi su.

A rumfar, Malam Tukur ya fara faɗa, sannan ya juya yana jiran mai babur ya yi nasa. Maccido ya buɗe baki, kuma da ya fara sai ya kasa tsayawa. Ya ce Yohanna bai san aikin manyan babura ba. Ya ce kwaɗayi ya sa ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa. Masu shagunan kusa duk suka fito suna kallo.

Yohanna ya goge hannunsa a tsumma. "Malam Maccido, mai kawai na juye. Ban je kusa da wurin nan ba. Amma ka bar shi, zan duba."

A ranar Malam Tukur ya kwashe baburan ofis uku da ke jiran gyara, ya kai wa wani.

Bayan kwana biyu Maccido ya koma shi kaɗai, da azahar. Rumfar shiru, ba babur ko ɗaya sai nasa. Yohanna ya riga ya kwance lagireton. Ya toshe bakin lagireton, ya tsoma shi cikin bahon ruwa, ya hura iska ta wani tiyo, kumfa ta taso daga wuri ɗaya tak. Ya nuna masa da yatsa. Sannan ya tsane shi, ya kankare wurin har tagullar ta yi haske, ya zaro ƙarfen liƙi daga garwashi ya narka dalma a kai. Ya sake tsomawa, ya hura. Babu kumfa.

Maccido yana zaune a kan benci yana kallo. Sai da Yohanna ya mayar da lagireton, ya cika shi da ruwa, ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, sannan ya ɗauko wani murfin kwalba daga kan teburinsa ya miƙa masa. A ciki akwai ɗan tsinin ƙarfe, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wannan na ciro," in ji Yohanna. "Ba na aiki da basilla. Wataƙila yara ne a gida."

Maccido ba shi da yaro ko ɗaya, kuma Yohanna ya sani, don ya je ɗaurin aurensa watanni biyar da suka wuce. Ya ce an gode, ya hau babur ya tafi.

A gida ya tarar Dijatu ta zuba ruwa a randa ta tsinci basillarta. Tana riƙe da ita.

"Malam, wagga ta kac ce ta ɓace?"

Ya zauna a bakin tabarma ya gaya mata duka, kansa a ƙasa. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi matar Yohanna, Ladi, ita ta kawo mata tukwane biyu ranar da ta tare, kuma ba ta san da idon da za ta dube ta a kasuwa ba. Abincin ranar bai ciyu gare shi ba.

Kwana uku yana zuwa ƙofar ofishin Malam Tukur yana juyawa. A rana ta huɗu ya shiga. Akwai mutum biyu a ciki, ya so ya jira su fita, sai ya ga in ya jira ba zai faɗa ba.

"Malam Tukur, ni na huda lagireton nan da hannuna. Yohanna bai taɓa shi ba. Ƙarya niy yi."

Malam Tukur ya miƙe tsaye. "Kuma ka bar ni nit tahi na ci mutuncin bawan Allah gaban jama'a?"

"Na bar ka."

"To tashi. Inda munka yi ta, can za mu warware ta."

Suka je da la'asar, lokacin da masu shaguna ke zaune a waje. Malam Tukur ya kira su. Maccido ya tsaya a tsakiyar rumfar ya maimaita maganarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, har wani mai kanti ya ce ya ɗaga murya ba su ji ba, ya sake faɗa. Wani ya yi tsaki. Yohanna bai ɗago daga tayar keken da yake yi wa faci ba sai da aka gama.

"Ya wuce, Malam Maccido," in ji shi. "Nan gaba in fara ta shiga, ruwa za ka watsa ta baya, za ta fito."

Baburan ofis sun dawo, amma ba duka ba, don wancan bakaniken ya riga ya riƙe biyu. Yohanna ya ci gaba da gyara wa Maccido babur, yana gaishe shi kamar da, sai dai hirar bencin da suke yi ta ƙare. A ofis kuwa an daɗe ana kiransa Mai Basilla, yana amsawa.